Allurar alkohol don ciwon jijiyar fuska: tana warkarwa ne ko lokaci kawai take sayowa?

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Da farko Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma da kuke jinya Allah ya saka muku. Na karanta saƙonki har sau biyu. In na fahimce ki daidai, mahaifiyarku tana da shekara 68, kuna nan Jos, kusan shekara uku kenan tana fama da wani ciwo a kuncinta na dama da gefen hanci zuwa leɓen sama wanda yake zuwa kamar shokin ɗin wuta, an cire mata haƙori har uku bai daina ba, daga baya aka ce tiraijeminal nuraljiya ce aka ɗora ta a kan Tegretol, da farko ya yi aiki sosai amma yanzu sai an ƙara mata yawa, shi kuma yana sa ta jiri har ta taɓa faɗuwa a banɗaki, ga hawan jini ga suga. Yanzu likita ya kawo shawarar a yi mata allurar alkohol a jijiyar, shine kike tambaya ko wannan allurar tana warkar da ciwon gaba ɗaya, in ba ta warkarwa tsawon wane lokaci take riƙewa, kuma meye illarta nan gaba.

Ni ɓangarena tiyatar baki da fuska ne, masu irin wannan ciwon kuma yawanci ta ƙofarmu suke fara shigowa saboda kowa ɗauka yake ciwon haƙori ne. Amsar a taƙaice ita ce allurar tana aiki, aiki na gaske ba wasa ba, amma ba ta warkarwa har abada. Ciwon yana dawowa a wajen mafi yawan mutane. Abin da ake saye da ita lokaci ne, watanni ko 'yan shekaru, kuma tsawon lokacin ya danganta da inda aka zuba ta a jikin jijiyar da kuma hannun da ya yi. Toh bari in warware miki, saboda in kika gane dalilin dawowar ciwon sauran maganar duk zata zo miki da sauƙi.

A Hausa kalmar jijiya muna amfani da ita wa abu biyu, akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, wato ita ke gaya miki an taɓa ki ko abu ya yi zafi. Wannan ta biyun ita ce matsalar Hajiya. Kowane ɓarin fuska yana da babbar jijiya guda, ita ce ta biyar a cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta rabu reshe uku: ɗaya ya tafi goshi da ido, ɗaya ya tafi kunci da gefen hanci da haƙoran sama, na ukun ya sauka muƙamuƙin ƙasa da haɓa da gefen harshe. Yadda kika kwatanta, na Hajiya reshe na biyu ne. A wajen yawancin masu ciwon, asalin abin ba a fuskar yake ba sam, can cikin ƙoƙon kai yake, daidai inda jijiyar take shiga ƙwaƙwalwa, wata 'yar jijiyar jini ce take kwanciya a kanta tana bugunta da kowane bugun zuciya, shekara da shekaru, har rigar da ta lulluɓe jijiyar ta goge. Kin san wayar wuta in robarta ta ɓare, da an ɗan taɓa sai tartsatsi. Haka abin yake. Shi yasa abu kaɗan kamar iska, ko ruwan alwala, ko asuwaki, ko tauna, ko magana ma kawai sai ya tada shi, ya yi 'yan daƙiƙu zuwa minti ɗaya ko biyu ya sake ta, anjima ya dawo.

Akwai wata dattijuwa da ba zan manta ba, cikin watan Janairu aka kawo ta, lokacin sanyin Jos ya kankama ana ta wannan busasshiyar iskar. Ta shigo ta riƙe mayafinta da hannu biyu a gaban kuncinta, amma ba ta bari mayafin ya taɓa fatar, tazarar kamar yatsa biyu ta bari. Ɗanta ne ke magana a madadinta, ita sai dai ta ɗaga ido. Da na leƙa sai na ga ɓarin fuskar guda ya yi dauɗa ya yi fari fat da hunturu, ɗaya ɓarin kuma tas, ashe ta fi wata ba ta wanke wannan gefen ba, abinci ma sai kunu da cokali ta ɗaya gefen bakin. Na ɗauko auduga zan gwada wurin, tun kafin hannuna ya isa ta janye kai ta riƙe min hannu gam. Muka yi mata allurar kashe zafi ta gwaji, irin wadda ake yi in za a cire haƙori, a ɗan ramin da jijiyar ke fitowa ƙasan ido. Bayan kamar minti biyar na ce Mama taɓa wurin. Ta ɗauki lokaci kafin ta yarda, ta sa yatsa ɗaya a hankali, ta sake dannawa, sai kawai ta fashe da kuka ta ce a ba ta ruwa ta sha. Duk wanda ya ga irin wannan ba zai raina allurar da ke ba mutum ko da wata shida ne na hutu ba, ni kam ban raina ta ba.

Maganar haƙoran da aka cire wa Hajiya tana min ciwo wallahi, domin kusan kowane mai wannan lalura sai ka tarar ya rasa lafiyayyun haƙora biyu ko uku kafin a gano. Dan Allah kar a sake cire ko ɗaya sai an ɗauki hoto an ga shi kansa haƙorin yana da matsala.

Yanzu ita allurar. Abin da ake amfani da shi tataccen sinadarin etanol ne na asibiti, mai ƙarfin kusan kashi 100, kuma ɗan kaɗan ake sawa, yawanci rabin mililita zuwa mililita ɗaya. In ya taɓa jijiya yana zuƙe ruwan jikinta ya narkar da kitsen rigarta ya daskarar da furotin ɗin ciki, sai sashen jijiyar daga inda aka zuba zuwa fata ya mutu, saƙo ya daina wucewa. Tunda taɓawar fata ce ke kunna tartsatsin, in saƙon taɓawar bai isa can ciki ba ciwon baya tashi. Amma ki lura da abu biyu. Na farko, jijiyar jinin nan da ke bugun ta can cikin kai tana nan inda take, ba a taɓa ta ba. Na biyu, uwar jijiyar, wato ƙullin da ƙwayoyin halittarta ke zaune a gindin ƙoƙon kai, ita ma tana nan da ranta. Kamar ki sassare reshen dalbejiya ne ki bar gindi da saiwa, ba makawa zai yi toho. Jijiya tana sake tsirowa a hankali, kimanin milimita 1 a rana, ta ratsa tabon ta koma inda take, ranar da ji ya dawo fata toh ƙofar ciwon ta sake buɗewa. Shi yasa nake gaya wa majinyata, mutuwar wurin da sauƙin ciwon tare suke tafiya, in kin ji Hajiya ta ce ai kuncina ya fara dawowa daidai, to a fara shiri.

Wannan hanya tsohuwa ce, ta girmi maganin da Hajiya take sha nesa ba kusa ba. Wani likita a Jamus mai suna Schlösser ya fara yayata zuba alkohol a rassan jijiyar tun 1903, a 1912 kuma Härtel, shi ma Bajamushe, ya bayyana yadda ake bi da allura ta kunci a shiga wani rami a gindin ƙoƙon kai har a kai ga uwar jijiyar, hanyar da har yau ita ake bi. Wilfred Harris a Landan ya wallafa sakamakon majinyata 1,433 a 1940. Shi kuwa kabamazafin, wato Tegretol, sai a 1962 aka nuna yana maganin wannan ciwo, daga nan ne allurar ta ja baya ta zama ta waɗanda magani ya gaza musu. Ina kawo wannan ne don ki san ba gwaji za a yi a kan Hajiya ba, abu ne da aka fi shekara ɗari ana yi, an san amfaninsa an san iyakarsa.

Toh wata nawa take riƙewa? Nan ne mutane ke rikicewa, saboda wani zai ce miki wata shida wani ya ce shekara uku, kuma dukkansu suna da gaskiya, ba allura iri ɗaya suke magana a kai ba. Akwai ta waje, wadda muke yi a kujerar asibitin haƙori, a zuba a inda reshen ya fito kusa da fata, misali ɗan ramin ƙasan ido, ko na saman gira, ko na gefen haɓa, ko ta cikin baki a bayan muƙamuƙi. Wannan ita ce mafi sauƙi da arha kuma mafi ƙarancin haɗari, amma ita ce mafi gajeren zango, galibi daga wata shida zuwa shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma jagororin da ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da Turai suka fitar a 2008 sun nuna cewa a irin waɗannan ayyuka na waje kusan rabin mutane ciwon ya dawo musu cikin shekara guda. Abin da nake gani da idona ma bai yi nisa da haka ba. Sai kuma ta ciki, wadda ake tura doguwar allura har gindin ƙoƙon kai daidai ramin da reshen ke fitowa, ana kallo da na'urar hoto kai tsaye a ɗakin tiyata. Wannan ta fi daɗewa, saboda an kashe jijiyar kusa da tushe, tafiyar da zata yi kafin ta dawo ta fi tsawo, kuma hoton yana sa a samu wurin daidai. Wasu likitoci a Koriya ta Kudu sun wallafa bibiyar majinyata sama da 400 a 2017 waɗanda aka yi wa irin wannan da na'urar hoto, kusan rabinsu sun kai shekara uku ba ciwo, kusan ɗaya cikin uku sun kai shekara biyar. Wannan sakamako ne mai kyau sosai, amma na wuri ɗaya ne, hannun ƙwararrun da kullum aikinsu kenan, kuma waiwaye suka yi kan fayilolin majinyatansu ba gwajin da aka raba mutane gida biyu aka kwatanta ba. Kuma ko a can ɗin ki duba, biyu cikin uku ciwonsu ya dawo kafin shekara biyar. Saboda haka tambayar farko da zaki yi wa likitan Hajiya ita ce, ta waje zai yi ko ta ciki, kuma da na'urar hoto ko babu. Amsarsa ita zata gaya miki watanni zaku sa rai ko shekaru.

Wani abu da ke ƙara rikita lissafin, shi wannan ciwo yana da hutu na kansa. Sai ya ɓace wata uku, wata shida, wani lokacin har shekara ba tare da an yi komai ba, sannan ya dawo. Shi yasa zaki ji wani ya rantse miki cewa ƙaho aka yi masa ko wani jiƙo ya sha ya warke, ba ƙarya yake ba, ya samu sauƙi da gaske, sai dai abin ya yi daidai da lokacin hutun ciwon. Mu ma likitoci wannan tarko yana kama mu, in mutum ya yi shekara biyu bayan allura muna iya ɗauka duk aikin allurar ne. Sai dai yadda aka saba gani, da tafiya ta yi tafiya hutun yana gajarcewa ciwon yana tsananta.

Dawowarsa kuma ba lokaci guda yake yi ba. Wani bawan Allah ɗan kasuwa daga wajen Bukuru da na yi wa ta gefen haɓa ya dawo bayan kamar wata goma, ya ce likita ba ciwo bane tukuna, amma in ina asuwaki da asuba ina jin wani ɗan tsikari kamar tsinin allura sau ɗaya ya wuce. Na ce ai shi ne, sallama yake. Muka mayar da shi kan ɗan ƙaramin awo na magani tun kafin ya yi ƙarfi, kuma a nan ne nake ganin wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: mutumin da kafin allura sai ya sha magani mai yawa har yana tangaɗi, bayan allurar sau da yawa ɗan kaɗan yana riƙe shi na wani lokaci. Ana iya maimaita allurar, ana yi ma. Amma alkohol yana barin tabo a cikin nama, in ka zo karo na uku ko na huɗu a wuri ɗaya sai ka ji allurar tana shiga da ƙyar kamar kana huda fatar takalmi, ramin da ka samu cikin sauƙi a karon farko ya toshe, maganin baya bazuwa yadda ya kamata. Su na Koriya sun ce maimaitawa bai rage tsawon sauƙin ba a wajensu, wasu kuma sun ga yana raguwa, ni dai a ta waje ban taɓa ɗaukar wa mutum alkawarin cewa ta uku zata yi kamar ta farko ba.

Sai batun illa, kuma ina so ki zauna da Hajiya ki gaya mata wannan da bakinki kafin ranar, kar a bari sai ta ji a jikinta. Mutuwar wurin ba kuskure bace, ita ce aikin. Kuncinta da gefen hanci da rabin leɓen sama da dasashi za su zama kamar ba nata ba, irin yadda ake ji bayan allurar cire haƙori, amma na tsawon watanni. Shayi mai zafi zai iya ƙona ta ba ta sani ba, zata iya cizon leɓe ko cikin kumatu, abinci zai iya maƙalewa a gefen ba ta ji ba, kuma tunda tana da suga ƙaramin rauni a baki ba abin sakaci bane, sai an riƙa duba mata. Yawancin waɗanda suka ɗanɗani shokin ɗin suna cewa sun yarda da wannan ciniki, amma akwai wanda mutuwar fuskar ke damunsa ƙwarai, ya ce ji yake kamar an manna masa katako. Allurar kanta tana da zafi lokacin shiga ko da an kashe wurin, kuma fuska tana kumbura na 'yan kwanaki, wannan yana wucewa. Waɗanda ba su cika faruwa ba amma suna faruwa: in alkohol ɗin ya malala inda bai kamata ba fata ko naman cikin baki zai iya mutuwa ya zama gyambo, wani lokacin har ɗan guntun ƙashi ya mutu, baki zai iya ƙin buɗuwa sosai na wani lokaci, ana iya samun gani biyu-biyu ko karkacewar fuska in ya taɓa jijiyoyin makwabta. Na ƙasan ido ɗin nan kusa yake da ido sosai, tazarar ba ta wuce kamar santimita ɗaya daga bakin ramin idon ba, shi yasa ba aikin kowa bane. In kuma aka kashe reshen farko ko aka shiga uwar jijiyar, saman ƙwayar ido yana iya daina ji, ƙura ta shiga mutum bai ƙifta ba har ido ya yi gyambo, ki duba irin ƙurar da muke sha a hunturu.

Wanda na fi tsoro a cikinsu duka shi ne wanda wurin zai mutu, ka taɓa ba a ji, amma kuma yana zugi da raɗaɗi dare da rana ba hutu. Mutum ya rabu da shokin mai zuwa ya wuce, ya samu ƙuna mai zama. Ba shi da yawa, kuma ya fi zuwa bayan an lalata jijiyar can ciki ko an yi ta maimaitawa, amma in ya zo maganinsa yana da wuyar gaske, ƙara kashe jijiyar ma baya taimakawa. Saboda shi kaɗai ma bana son a mayar da allurar nan kamar ta zazzaɓi, duk bayan 'yan watanni a je a ƙara.

Dan Allah kuma kar wani ya ce zai yi mata a kemis ko a gida. Sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura ba shi bane wannan, shi an gauraya shi da wasu sinadarai masu guba, ba a sa shi cikin jiki. Wanda zai yi ya zama likitan tiyatar baki da fuska, ko likitan kashe zafi da ya ƙware a kan ciwo, ko likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, a babban asibiti irin JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da ke Lamingo ko manyan asibitocin Abuja. Kuma ƙa'ida ce a fara da allurar gwaji mai gushewa cikin 'yan awanni, in ciwon ya ɗauke an tabbatar reshen kenan, ita ma Hajiya ta ɗanɗana yadda mutuwar wurin take ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba, sannan a sa alkohol.

Na san za a yi maganar ai giya ce, kusan kowane gida sai an tambaye ni. Abin da zan iya faɗa ta ɓangarena shi ne abin bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, ba ya bi ta ciki, a kan jijiya ake zuba shi, kuma ba ya sa maye. Ki kai wa malamin da Hajiya ta natsu da shi wannan bayanin yadda yake ya ba ta hukunci, hankalinta zai fi kwanciya.

Yanzu ra'ayina a kan ita Hajiya. Ban ga kin ambaci hoton MRI ba, wato hoton da ke nuna cikin kai da ƙwaƙwalwa, kuma in ba a yi ba ina so a yi kafin a kashe wata jijiya. Kimanin 15 cikin 100 na masu wannan ciwo wani abu ne daban ke haddasa shi, kamar ƙari da ke danne jijiyar ko wata cutar da ke cin rigar jijiyoyi, an fi zarginsu in mai ciwon bai kai shekara 40 ba, ko ciwon na ɓari biyu, ko akwai mutuwar fuska tun kafin a taɓa, ko ji ya ragu a kunne ɗaya. In aka kashe zafin aka bar ƙari yana girma an yi ɓarna. Na san kuɗin hoton ba kaɗan bane a wannan yanayi, amma in za a haɗa kuɗi a dangi don abu ɗaya to wannan ne. Hoton kuma shi zai nuna ko akwai jijiyar jinin da ke danne ta, wanda shi ke buɗe maganar tiyata.

Tiyatar da nake nufi ita ce wadda Peter Jannetta na Amurka ya shahara da ita tun wajen 1967, ana buɗe ɗan wuri a bayan kunne a ɗaga jijiyar jinin daga kan jijiyar a sa ɗan matashi na Teflon a tsakaninsu. Ita kaɗai ce ke zuwa ga tushen matsalar kuma ba ta nufin kashe fuska. A rahoton da suka fitar a 1996 kan mutum 1,185, kashi 70 cikin 100 suna nan ba ciwo ba magani bayan shekara goma. Ki kwatanta da abin da na faɗa miki a sama. Amma aikin cikin kai ne da allurar barci, akwai haɗarin rasa ji a kunnen wannan gefen, akwai na mutuwa duk da bai kai 1 cikin 100 ba a hannun ƙwararru, ga tsada. Shekara 68 ita kaɗai ba ta hana tiyata, lafiyar zuciya da ƙoda da yadda suga da hawan jinin suke a riƙe su ne abin dubawa, saboda haka kar kowa ya yanke hukuncin ta tsufa kafin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da na barci su gan ta. A tsakani kuma akwai wasu hanyoyin da ake bi da allura ta kunci zuwa uwar jijiyar, a ƙona ta da zafin lantarki a auna, ko a zuba gilisarol, ko a matsa ta da ɗan balan-balan, sai kuma haskawa da na'urar Gamma Knife, su ne suka maye gurbin zuba alkohol a uwar jijiyar a ƙasashen da ke da kayan aiki saboda an fi iya sarrafa iyakar ɓarnarsu, amma su ma suna kashe wuri kuma ciwon yana iya dawowa.

Kafin duk wannan ma a sake zama a kan maganin. Jirin da ya kai ga faɗuwa a wannan shekarun abin tsoro ne, karayar ƙugu ta fi ƙarfin wasa. Kabamazafin yana rage gishirin jini, musamman ga tsofaffi masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, kuma ƙarancin gishirin shi kansa yana kawo jiri da ruɗewa, gwajin jini mai sauƙi zai nuna. Wani lokacin raba awon zuwa ƙanana a yini, ko komawa ɗan'uwansa okskabazafin, ko rage shi a haɗa da wani kamar lamotirijin ko bakulofen yana gyara lamarin. In ƙuraje suka feso mata ko baki ya yi gyambo ko ido ya yi ja da zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar. Su Panadol da dikulofenak da tiramadol kuwa ba sa taɓa wannan ciwo, dikulofenak ɗin ma ƙodarta da cikinta zai ɓata a banza.

In an yi hoto ba ƙari, an gyara magani bai riƙe ba, tiyata kuma ba ta yiwu ko don lafiya ko don kuɗi ko ita ta ce ba ta so, to ni da mahaifiyata ce zan yarda a yi mata allurar, zuciyata ɗaya, kuma zan fara da ta waje tunda reshe ɗaya ne kuma an san inda yake. Haka in ciwon ya kai ba ta iya ci ba ta iya shan maganin suga da na hawan jini, ba sai an jira komai ya kammala ba, a yi mata ta samu ta ci abinci, ta waje ba ta rufe ƙofar tiyata daga baya. Abin da bana so shi ne abin da na sha gani, a yi allura a samu sauƙi kowa ya watse a manta, sai bayan wata tara ko goma a dawo a rikice cikin dare, ba hoto, ba a ga likitan tiyata ba, ba a tara komai ba. Watannin sauƙin nan su ne na yin hoton da ganin likitocin da gyara suga da hawan jini.

Bayan allurar kar ta yanke Tegretol lokaci guda, a hankali ake saukowa bisa tsarin likita. Ta riƙa gwada zafin shayi da kunu a hannu ko ɗaya gefen bakin, ta tauna ta gefen mai ji, ke kuma ki riƙa leƙa cikin bakin da tocilan duk bayan kwana biyu. Kafin ranar kuwa, ruwan ɗumi a alwala da rufe fuska in za a fita da sassafe ko a hau Keke yana rage tashinsa. Ki samu ɗan littafi ki rubuta ranar da aka yi allurar, reshen da aka yi wa, ranar da ji ya fara dawowa, da ranar da ta fara jin tsikari na farko, ki riƙa zuwa da shi asibiti tare da duk kwalayen magungunan da take sha, har na gargajiya in akwai. In an yi hoton ki turo min abin da aka rubuta a takardar sakamakon mu duba tare. Ki gaishe min da Hajiya da jiki.